Algus Ko A Kayan Wasa Algus Ne

Tun 2013 kamfanin Sony ya daina ƙera PlayStation 2, amma har yau tsofaffinta na yawo hannu zuwa hannu. Yaro zai yi ƙwadago a Boɗinga ko Shagari, ya tara kuɗi ya shiga Sakkwato saye. Mai kaya ya san idon na'urar ya raunana, faifan ya karce, amma sai ya kunna na minti biyu ya ce lafiya lau, in an saya ba a mayarwa.

Wannan algus ne. Manzon Allah (S) ya taɓa cusa hannu cikin tarin abinci, ya tarar an ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tsawatar wa mai shi. Malamai sun wajabta bayyana aibi, kuma wanda aka ɓoye wa yana da haƙƙin mayarwa.

Shi ma mai saye ya ji tsoron Allah. Kada araha ta ja shi ga kayan sata, kada ya kushe kayan yaro don karya masa farashi.

Ƙasar da Shehu Usmanu ya karantar a Sifawa ba ta cancanci wannan ba. Allah Ya shirye mu.