Wadda jaririnta ya koma ma mai jego ce

A Zongon Lome idan aka yi haihuwa, kafin azahar labari ya gama unguwa. Mata su yi ta shiga barka, a ɗora ruwan wanka, a dama kunun kanwa, a fara cinikin ragon suna. Amma in jaririn bai zo da rai ba, ko ya koma kafin kwana bakwai, maza ƙalilan ne za su kai shi maƙabarta, a ce wa uwar “Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya kawo rayayye,” kowa ya kama gabansa. Addu'ar ba ta da aibu. Saurin watsewar ne ke damuna.

Jikin matar nan bai san ɗan ya tafi ba. Jinin biƙi na zuba, nono ya cika ya yi tauri har ya jiƙa mata riga, ga kayan jaririn da ta sayo a kasuwar Asigame jibge a ƙarƙashin gado, ba ta son ganinsu, ba ta kuma iya rabuwa da su. Tana buƙatar ruwan zafi da abinci mai gina jiki da hutun kwana arba'in kamar kowace mai jego, amma sau da yawa kwana uku kawai sai ka gan ta a bakin murhu.

A Sakkwato ko Maraɗi, wataƙila da ta tafi wankan gida wurin mahaifiyarta. Mu nan baƙunta ta yi mana nisa da dangi. Tun da aka rushe tsohon Zongo a 1977 aka dawo da mutane wajen Agwe da Togblekope, maƙwabta ne iyaye, su ne 'yan'uwa. In maƙwabciya ba ta shiga ta dafa mata ruwa ba, babu mai shiga.

Sai kuma zargi, wanda ya fi ciwo. A ce mai wabi ce, ko a ɗora wa kishiya. Alhali rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna kusan jarirai miliyan 2 ake haifa babu rai duk shekara, fiye da kashi 40 cikin 100 kuma a lokacin naƙuda suke rasuwa. Hawan jini, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini da doguwar naƙuda na cikin sanadin da likitoci suka sani, kuma ana maganinsu. Don haka wadda ta yi ɓari ko ta rasa jariri, a raka ta asibiti a duba ta kafin wani cikin ya shiga. In ya shiga, shirin Wezou da gwamnatin Togo ta fara a 2021 yana rage nauyin kuɗin awo da haihuwa.

Kuka kuma a daina hana ta da sunan tawakkali. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Ina roƙon malamanmu su riƙa faɗin haka a wa'azin mata.

Uban ma kar a manta da shi. Shi ya ɗauki gawar a hannunsa, shi ya sa ta a rami, washegari ya koma shago ko kasuwar shanu saboda bashin asibiti na jiransa. Abokansa su je gidan bayan mako biyu, lokacin da ƙafa ta ɗauke, su zauna da shi, su kuma tambaye shi nawa ya rage a biya.