Wanda ya maƙale ya fi mai yabo amfani ga maginin wasan sanɗa

A watan Mayun 2000 kamfanin Looking Glass Studios da ke Cambridge a jihar Massachusetts ta Amurka ya rufe ƙofarsa, wata biyu kacal bayan ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Thief II. Kamfanin ya mutu, wasan ya ƙi binsa kabari. Dalili kuwa shi ne kafin ya durƙushe ya sakar wa jama'a DromEd, manhajar da ma'aikatansa suke gina zangunan wasan da ita. Masoya suka karɓa suka ci gaba da gini. Yau zangunan da suka ƙera wa Thief da Thief II sun haura dubu, duk kyauta, ba a biyan kowa sisi.

Sai mutum ya san irin wasan kafin ya gane abin da ke wahalar da maginan. A Thief, wanda ya fara fitowa a 1998, ɗan wasa yana shiga rigar wani ɓarawo ne mai suna Garrett, wanda ƙarfinsa bai kai ya tari dogarai uku gaba da gaba ba. Duhu shi ne garkuwarsa. A ƙasan allo akwai wani ɗan dutse da ke haskakawa idan yana cikin haske, ya dushe idan ya shige inuwa. Yana da kibiyar ruwa ta kashe wutar fitilar bango, da kibiyar gansakuka da ake shimfiɗawa a ƙasa don kada sawu ya yi ƙara, da kibiya mai igiya da ke kafewa a katako a hau sama, da kulkin sumar da mai gadi ta baya. Tafiya a kan kafet shiru ce, a kan tayil ko ƙarfe kuwa tamkar mutum ya yi shela ne. Wasan gaba ɗaya ya rataya a kan amana ɗaya: abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji su zama gaskiya, domin da su ɗan wasa zai yanke shawarar ya motsa ko ya ƙara laɓewa.

A nan magini yake da makanta irin tasa. Mutumin da ya shekara biyu yana sassaƙa gidan wani attajiri ɗaki bayan ɗaki ya san inda ya ajiye kowane makulli, ya san ƙofar sirri tana bayan kantar littattafai, ya san daƙiƙa nawa mai gadi yake ɗauka kafin ya juyo. Ba zai taɓa iya ɓacewa a gidan ba ko da ya so. Makullin da ya ɗora a gefen murhu, a idonsa yana ƙyalli kamar azahar. Baƙo kuwa zai wuce shi sau goma, musamman idan allon kwamfutarsa ya fi na maginin duhu, abin da ke yawan faruwa a wasan da rabinsa dare ne.

Shi ya sa saƙon da ya fi kowanne daraja a wannan harka shi ne na wanda ya ce: na maƙale, na zagaye gidan kaf ban ga hanyar shiga ɗakin ƙasa ba. Mai wannan magana yana ganin taimako yake roƙo, har yakan haɗa da ban haƙuri, alhali shi ne ya kawo kyauta. Ya nuna wa magini daidai wurin da tunaninsa da na baƙo suka raba hanya. Idan mutum ɗaya ne ya maƙale a wurin, mai yiwuwa gaggawa ce ta sa. Idan biyar suka maƙale a ƙofa ɗaya, laifin ba nasu ba ne, kuma maginin da ya amsa musu da cewa ai abin a fili yake ya zubar da abin da ba zai samu a wajen masu yabo ba.

Ba abin kunya ba ne. Ko ƙwararrun Looking Glass sun taɓa faɗawa wannan rami. Zangon Thieves' Guild da suka ƙara a Thief Gold a 1999, mai cike da magudanan ƙarƙashin ƙasa masu kama da juna, har yau ma'abota wasan suna ambatonsa a matsayin wurin da aka fi ɓata.

Masu ba da taimako su ma da nasu ladabin, kuma tsofaffin hannu sun daɗe da gano shi. Daɗin wasan sanɗa yana cikin ganowa ne, don haka wanda ya zazzage wa mai tambaya amsa gaba ɗaya ya cece shi daga maƙalewa amma ya sace masa abin da ya zo nema. Hanyar da ta fi ita ce a bayar kaɗan-kaɗan. Da farko a ce masa ya sake karanta wasiƙar da ke kan teburin mai gidan. Idan bai gane ba, a ce ya ɗaga kai a ɗakin karatu. Sai in ya ce ya gaji, a gaya masa akwai gungumen katako a rufi da kibiya mai igiya za ta kama. Shi ma mai tambaya ya taimaki kansa: ya faɗi matakin wahalar da ya zaɓa, tunda wasan yana da uku kuma buƙatunsu sun bambanta, ya faɗi abin da ya riga ya kammala da abin da ke jakarsa. Tambayar da ba ta da waɗannan tana jawo amsar da za ta tona masa asirin abin da bai kai gare shi ba tukuna.

Gwajin da ake yi kafin a saki zango ya fi wannan tsanani. Magini yakan tara 'yan mutane kaɗan ya ba su aikin su yi ta bugawa, kuma a nan ne ake bambance mai gwaji da mai shaƙatawa. A injin Thief, sauti ba ya tafiya da kansa. Sai magini ya zana wasu akwatuna marasa ganuwa a kowane ɗaki da lungu, ya tabbata sun taɓa juna, sannan ƙara za ta ratsa daga nan zuwa can. Idan biyu ba su haɗu ba, mai gadi zai iya tahowa a bayan ƙofa ba a ji sawunsa ba, ko kuma a fasa tulu kusa da shi bai ko waiwaya ba. Mai gwajin da ya ce sautin wasan ba daɗi bai ba magini komai ba. Wanda ya ce a barandar hawa na biyu, daga ƙofa ta uku zuwa matakala, sawun mai gadi yana ɗaukewa, ya haɗa da hoton allo da ajiyayyen wasansa, ya miƙa masa gyaran minti goma. A The Dark Mod ma, wanda masoya suka gina a kan injin Doom 3 suka fitar a 2009, ya kuma tsaya da ƙafarsa ba tare da buƙatar Doom 3 ba a 2013, akwai umarnin da ke nuna lambobin daidai inda ɗan wasa yake tsaye, don kada a yi ta kwatance.

Mai gwajin kirki kuma ɗan ɓarna ne da gangan. Yana tara akwatuna ya haye katangar da ba a yi don a haura ba. Yana ɗauke kayan da aka aiko shi nema kafin ya karanta takardar da ta ba shi aikin, ya ga ko wasan zai rikice. Yana ƙirga dukiyar da ake iya samu a matakin ƙwararru, domin ba ƙaramin takaici ba ne a ce sai an tara adadi kaza kafin a fita, alhali wani kofin zinariya ya nutse cikin bango hannu ba ya kai masa. Akwai kuma masu salon fatalwa, waɗanda suke gama zango ba tare da an gan su ko sun sumar da kowa ba. Su ne suke gano lungun da aka cika wa fitilu har babu inuwar da za a bi.

Wani zai ce mutumin da ya ba da shekarunsa kyauta bai cancanci a zo ana tsince masa aibi ba, a yi masa godiya kawai. Akwai gaskiya a ciki. Magina da dama sun ajiye aiki saboda 'yan wasan da ke magana kamar sun biya kuɗi an cuce su. Sai dai maganin rashin kunya ba yabon baka ba ne. Masu karatu a nan gida sun san irinsa, wato a ce wa marubuci littafi ya yi daɗi, Allah ya ƙara basira, a wuce. Addu'a ce mai kyau, amma ba ta nuna masa shafin da labarin ya yi sanyi. Abin da ya kamata mai sharhi ya riƙe shi ne ya raba abu biyu: abin da ya lalace, da abin da bai dace da ra'ayinsa ba. Ƙofar da ta ƙi buɗuwa lalacewa ce, dole a gyara. Ƙin zangon da ke da matattu masu yawo ra'ayi ne, kuma tsohuwar gardama ce tun Thief na farko. Wanda ya kawo ra'ayinsa da sunan kuskure yana neman a gina masa nasa wasan ne da gumin wani. Yabo ma yana da amfani idan ya faɗi wuri, kamar a ce hirar masu gadin nan biyu a bakin ƙofa ita ta nuna mini akwai wata hanya ta rufi.

Inda wannan ɗabi'a ta zauna, sakamakon ba ya ɓuya. A 2005 wata ƙungiyar masoya ta fitar da T2X: Shadows of the Metal Age mai zango 13 da sabuwar jaruma, Zaya. A 2012 wani da ya sakaya sunansa ya saki gyaran NewDark, wanda ya sa tsohon injin yake aiki a sababbin kwamfutoci ya kuma faɗaɗa iyakar abin da za a iya ginawa. A ƙarshen Nuwamban 2023, shekara 25 da fitowar Thief na farko, The Black Parade ya fito da zango 10 bayan kimanin shekara 7 ana aiki, a ƙarƙashin jagorancin Romain Barrilliot, wanda a lokacin ƙera zanguna ne sana'arsa a kamfanin Arkane na Lyon a Faransa. Aiki mai wannan girma ba ya fitowa daga hannun magina kaɗai. Sai an samu waɗanda za su buga zango ɗaya sau da yawa har ya gundure su, suna rubuta duk inda ƙafa ta sarƙe.

Aikin ma ba ya ƙarewa ranar da aka saki zango. Wasu tsofaffin zanguna na farkon shekarun 2000 sun riƙa samun tangarɗa a kan NewDark, ga shi da yawa daga maginansu sun daɗe da barin harkar. Sai wasu masoyan suka ɗauki nauyin rubuta ƙananan fayilolin gyara da ake ɗorawa a kai ba tare da an taɓa ainihin ginin ba, kuma kusan kowane irin wannan gyara yana farawa ne daga ɗan wasan da ya zo ya ce wata ƙofa ta ƙi buɗuwa, ya faɗi wace ƙofa ce da abin da ya yi kafin ya iso gare ta.