Bishop Polk da Tambayar da Ke Gabanmu a Fulatan

Tun da hare-haren 'yan bindiga suka matso iyakar Kano daga Katsina, 'yan'uwa a Rogo da Ƙaraye suna tambaya: me zai hana fasto ya jagoranci 'yan sa-kai?

Mu dubi Leonidas Polk. Ya gama makarantar soja a 1827, ya zama bishop na Luwiziyana a Amurka a 1841. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, sai ya zama janar a rundunar Kudu mai kare cinikin bayi, bai kuwa ajiye kujerar bishop ba. Harsashin igwa ya kashe shi ranar 14 ga Yuni, 1864.

Bakin da ya kamata ya tsawata wa Kudu kan zunubinta ya koma ba da umarnin harbi. Ko Dawuda, Allah ya hana shi gina Haikali saboda jinin da ya zubar (1 Tarihi 22:8).

Matasanmu su yi sintiri tare da maƙwabtanmu Musulmi, ƙarƙashin dagaci da jami'an tsaro. Fasto kuwa ya riƙe bagadinsa, domin ranar da 'yan sa-kai suka taɓa marar laifi, a sami mai faɗa musu gaskiya.