Matan Adar Sun Raya Fako, Saura Kasuwa Ta Biya Su Haƙƙinsu

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Madawa zuwa Buza da Keita, ko yake karkatawa wajajen Allakaye neman hatsi da wake da albasa, ya san irin ƙasar da muke magana a kanta. Tudu ne na baƙin dutse da jan fako, ruwan sama in ya sauka ba ya tsayawa gaisuwa, sai ya kwashe ƙasar noma ya gangara da ita korama. Amma yau a gefen waɗannan tuddai za ka ga jerin duwatsu an shimfiɗa su layi-layi, da ramuka masu siffar rabin wata, da itatuwa a inda kakanni suka ce ko ciyawa ba ta fita. Yaran yanzu da yawa suna zaton haka Allah Ya halicci wurin. To ba haka ba ne, hannu ne ya yi, kuma mafi yawan hannuwan nan na mata ne.

A shekarar 1984 damina ta ƙi, ga shi kuma a watan Afrilu na wannan shekara gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, abin da ya sa har gobe mutanen karkara ke kiran waccan yunwa da sunan El Buhari. Maza suka watse bida, wasu Abijan, wasu Kano, wasu Libiya, aka bar mata da tsofaffi da yara da rumbu wayam. A cikin wannan hali ne aka buɗe aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, ƙarƙashin kulawar hukumar FAO, hukumar PAM kuma tana biyan ma'aikata da abinci. Da aka nemi masu aiki, mata ne suka fito. Su suka ɗauki diga da shebur, su suka yi ta jidar dutse a ka cikin zafin bazara, wata da goyo a baya, ladanta na yini shi ne awon da za ta kai gida ta ɗora tukunya. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak, kuma cikin shekaru kusan 20 an farfaɗo da fili fiye da kadada 30,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, ban da madatsun ruwa da rijiyoyi da hanyoyin karkara. Tun kafin wannan ma, daga 1975, mutanen kwarin Majiya tare da ƙungiyar CARE sun jera dogon yaro na ɗaruruwan kilomita domin ya tare iskar da ke binne shuka da rairayi.

Baƙi sun zo sun ɗauki hotuna, an rubuta rahotanni, an yaba. Mu ma mun yaba. Sai dai yabo ba ya cika tiya, kuma abin da ya sa muka ɗauko maganar a wannan shafi da 'yan kasuwa ke karantawa shi ne, wahalar matar Adar ba a kan dutse take ƙarewa ba, a bakin kasuwa take ƙarasawa.

Mu tuna da 2005. Damina ta yanke da wuri a 2004, fara kuma ta sauka a wasu yankuna, amma duk wanda ya ci kasuwar Madawa ko Buza ko Tawa a waccan shekara ya san hatsi bai ɓace daga rumfuna ba. Yana nan a jibge, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Buhun da aka saya da arha da kaka ya ninka har ya kai wajen jaka 30 a wasu kasuwanni kafin sabon hatsi ya nuna, alhali akuyar da mace ta kora kasuwa ta rame, darajarta ta faɗi, sai ta sayar da biyu ko uku ba ta haɗa kuɗin buhu guda ba. Mutane fiye da miliyan 3 abin ya shafa a faɗin Nijar. A farkon wannan shekarar ce ma aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su madara da fulawa da sukari, har jama'a suka rufe kasuwanni a watan Maris don nuna ƙin amincewa. Shugaba Tandja kuwa ya fito a watan Agusta ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasar. A daidai lokacin da ake wannan gardama a Yamai, mata a ƙauyuka suna tsinkar 'ya'yan anza, su jiƙa su kwana da kwanaki suna sauya ruwa don ɗacin ya fita, su dafa wa yara, su haɗa da tafasa da dusa. Da wannan aka yi noman waccan damina, da cikin da ba kowa a ciki, kuma gonakin da aka noma har da waɗanda aka ƙwato daga fako shekaru 20 kafin nan.

Ba muna cewa ɗan kasuwa ne ya hana ruwa sauka ba, kuma saye da ajiya ba haramun ba ne. Wanda ya zuba jarinsa, ya biya mota, ya biya sito, ya yi kasadar ƙwari da faɗuwar farashi, dole ya ci riba. Mun kuma san irin asarar da masu albasa suka tafka lokacin da Nijeriya ta sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da lokacin takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya na ruɓewa a mota ba mai jin kukansu. Ciniki daban, zalunci daban. Zalunci shi ne a ba mace rancen jaka biyar a tsakiyar damina, lokacin da ba ta da zaɓi, a ce da kaka ta biya da buhu sukutum. Zalunci shi ne a riƙe tiya biyu, mai faɗin baki ta saye, matsattsiya ta sayarwa. Haka nan buhun albasa da ake ɗinka wa hula har ya kusa zama buhu da rabi, amma kuɗin buhu ɗaya ake miƙa wa mai lambu. Kowa a kasuwa ya san masu yin haka, har da sarkin kasuwa, kuma shirun da ake yi musu shi ke ba su ƙarfi.

Abin sha'awa, matan ba su zauna jiran tausayin kowa ba. Tun 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, inda mata ke zuba ɗan abin da suka samu kowane mako a asusu, su ranta wa junansu, su raba riba. Wannan dabara da ta tsiro daga adashin iyayenmu ta yaɗu a Nijar, ta tsallaka ƙasashen Afirka da dama har da Asiya. Akwai kuma tsarin jinginar da amfanin gona da aka soma a ƙarshen shekarun 1990, inda manoma ke kulle hatsinsu a sito da kaka, asusun bashi ya ba su rance a kai, sai farashi ya tashi su sayar su biya. Wasu 'yan kasuwa na kallon waɗannan abubuwa a matsayin kishiya. A ganinmu gajeren tunani ne, domin matar da aka tatse da kaka ba za ta sayi atamfarka da salla ba, ba za ta sayi sabulu da gishiri da man gyaɗar 'yar'uwarta mai tebur ba. Kuɗin da ya tsaya a hannun matar ƙauye, ranar kasuwa yake dawowa.

Saboda haka kiranmu ga sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan hatsi da 'yan albasa na Madawa da Buza da Keita, da magadan gari irin na Allakaye, shi ne a fitar da tiya guda mai hatimi wadda da ita za a saya, da ita za a sayar, a ajiye ta inda kowace mace za ta iya zuwa ta gwada awon da aka yi mata. A kawo sikeli wurin cinikin albasa, a daina ƙiyasi da ido. Rancen damina kuma a yi shi gaban shaidu, a rubuta, a biya da farashin ranar biya. Ku kuma iyayenmu mata masu awo a bakin rumfa, ku ne kuka fi kowa sanin wace tiya ce ta gaskiya, kuma in kuka haɗa baki kuka ƙi karɓar ta ƙarya, dillali ba shi da inda zai kai ta. A zauna a yanke wannan magana tun hatsi yana gona, kafin motocin masu saye su fara tsayawa a bakin ƙauyuka.