FILIN KIWON LAFIYA: Insulin Da Girman Ɗan Tayi

In an ambaci insulin, hankalin yawancinmu kan tafi ga allurar masu ciwon sukari, maganin nan da Bantin da Best suka gano a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921. Amma fa aikinsa a jikin ɗan Adam yana farawa tun yana cikin uwarsa.

Bayan ƙwan mace ya haɗu da maniyyi, sai ya shiga rabuwa, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, har wajen kwana 6 ko 7 ya maƙale a jikin mahaifa. Masu ba ƙwayoyin umarnin rabuwa su ne waɗansu sinadarai masu sa girma, biyu daga cikinsu kuwa, watau IGF-1 da IGF-2, dangin insulin ne a wajen ƙira. A 1990 masana a Amurka suka toshe IGF-2 a jikin ɓeraye, sai aka haife su da kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin 'yan'uwansu. Wani abin mamaki, a yawancin gaɓoɓin tayi, wanda ya gada wajen uba ne ke aiki, na uwa yana zaune shiru.

To, ga inda maganar ta shafe mu. Insulin ɗin uwa ba ya ƙetare mabiyiya, amma sukarin jininta yana wucewa. Zuciyar tayi kan fara bugawa wajen kwana 22, hanyar laka kuma ta rufe wajen kwana 28, lokacin da mace da ƙyar ta tabbata ta yi ɓatan wata. In sukari ya yi yawa a makonnin nan, ana iya samun tawaya a zuciya ko a ƙashin baya. Ni dai a ganina, macen da ke da ciwon sukari, tun kafin ta ɗauki ciki ya kamata maigida ya kai ta ga likita a daidaita shi, ba sai ranar awon farko ba.

In ciki ya yi nisa, tayi kan yi nasa insulin, ya tara kitse da sukarin uwa, kamar yadda likita Pedasen na Danmak ya bayyana a 1952. Sai a haifi jariri ya haura kilo 4, mata suna ta barka da ƙato, alhali naƙuda ta yi wuya, sukarin jininsa kuma yana iya faɗuwa cikin sa'o'in farko in ba a gaggauta ba shi nono an auna shi ba.