Batirin da Ba Ya Son Ƙoshi

A ƙarshen bazarar da ta wuce na je Fakku, a Ƙaramar Hukumar Kebbe, domin gaida 'yan'uwa. Bayan la'asar ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a Sakkwato, ya ja ni ɗakinsa ya nuna mini abin da ya daɗe yana ba ni labarinsa a waya: ɗan ƙaramin jirgin sama da ya sassaƙa da hannunsa, ya ɗaura masa farfela da injin lantarki, yana sarrafa shi daga nesa. Da ya buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiyar kayan aikinsa, sai na ga fuskarsa ta sauya. Batura biyu da ya yi watanni yana tara kuɗinsu sun kumbura kamar fanke.

"Kawu, iska ce ta shige su," ya ce, yana laluben allura. "Haka masu gyaran waya ke yi, a huda a sace iskar."

Na riƙe hannunsa. Da allurar nan ta shiga, watakila da wani labarin nake ba mai karatu yau, domin ɗakin na jingine da danga ta kara, bayanta kuma rumbu ne.

Irin batirin da yaron ke amfani da shi shi ne litiyam folima, wanda masu harkar ke taƙaitawa da LiPo. Danginsa ne ke cikin yawancin wayoyinmu da kuma fawa banki da yawa. Ba shi da gwangwanin ƙarfe. Jaka ce mai laushi, a cikinta an jera faya-faye iri biyu, tsakaninsu wani shamaki da ya fi gashin kai siranta, duka kuma an jiƙa su da wani ruwan sinadari mai kama wuta. Allura ta keta shamakin, faya-fayen su haɗu, wutar da ke ajiye ta kwarara gaba ɗaya a wuri guda. Zafin ya haifi wani zafin, har jakar ta fashe da harshen wuta da hayaƙi mai guba. Ita kuwa iskar da yake son sacewa a ciki aka haife ta: ruwan sinadarin ne ya fara ruɓewa. Batirin da ya kumbura ya gama aiki, ko an huda shi ko ba a huda ba.

Na tambaye shi yadda ya bar su lokacin da zai koma makaranta. Ya ce ya kai su wurin mai cajin sola ya cika su taf, don kada su mutu kafin ya dawo. Wata uku suka yi a haka, cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin rufin kwano, a watannin da zafin ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40 ko a inuwa.

Ban ga laifinsa ba, kuma a nan ne zancen yake. Duk wanda ya tashi a inda wuta ke zuwa kamar baƙo ya koyi darasi ɗaya: in ka samu, cika komai. Waya, fitila, rediyo, duk a jona. Dabara ce mai kyau ga abin da za a yi aiki da shi yau ko gobe. Haka kuma tsohon batirin mota ya koya mana, domin shi in aka bar shi babu caji lalacewa yake yi. Litiyam halinsa daban. Kowace ƙwaya tasa tana cika a bolt 4.2, kuma a wannan matsayin ne sinadaran cikinta suka fi cin junansu. Idan aka haɗa da zafi abin ya ninka. Muna koya wa ɗalibai wani ƙiyasi a aji, cewa ƙarin digiri 10 kan kusan ruɓanya saurin irin waɗannan sauye-sauye. Ke nan batirin da zai jure ajiya a ɗaki mai sanyi a Turai, a Fakku cikin Afrilu gudu yake yi zuwa tsufa.

Barinsa fayau ma wata illar ce. Idan ƙwaya ta faɗi ƙasa da bolt 3 ta fara rauni, in ta yi ƙasa sosai tagullar cikinta na iya narkewa, ranar da aka sake jona ta kuma ta haɗa wuta a ciki. Abin da ya dace da ajiya shi ne tsakiya, wajen bolt 3.8 a kowace ƙwaya, wato kusan rabin ciki. Cajar masu wannan sha'awa, wadda ke daidaita ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, tana da maɓallin ajiya da ke kai batir wannan matsayi da kanta. Wanda ba shi da ita, ƙaramar mitar da masu gyaran rediyo ke aunawa da ita ta isa. A riƙa dubawa duk bayan wata ɗaya ko biyu.

Kada a ɗauka tsoron malaman jami'a ne kawai. A watan Satumba na 2010 wani jirgin dakon kaya na kamfanin UPS ya faɗi a Dubai bayan gobara ta tashi a cikin kayan da suka haɗa da baturan litiyam, matuƙansa biyu suka rasu. Tun daga Afrilun 2016 ƙa'idar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana loda irin waɗannan batura a matsayin kaya idan cajinsu ya wuce kashi 30 cikin ɗari. A shekarar ce kuma Samsung, da duk injiniyoyinsa, ya janye wayar Galaxy Note 7 daga kasuwa saboda baturanta na kamawa da wuta. Ƙirƙira ce mai albarka, har mutum uku, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, suka sami kyautar Nobel a kanta a 2019. Sai dai albarkar tata ita ce tara ƙarfi mai yawa a ɗan ƙaramin wuri, haɗarin ma daga nan yake.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne maganin yana cikin gidan. Ana sayar da jakunkuna na musamman masu jure wuta, amma kakar yaron tana da tsohuwar tukunyar ƙasa da ta daina amfani da ita. Muka zuba busasshen yashi a gindinta, muka sami murfin ƙasa da bai rufe ta ruf ba, domin iska ta sami mafita in wani abu ya faru. Muka ajiye ta a daɓen ɗakin ƙasa, wanda ya fi ɗakin kwano sanyi nesa ba kusa ba, can nesa da katifa da galan ɗin fetur. Na ce masa ya naɗe bakin kowace waya da salatif, domin ƙusa ɗaya a akwatin ƙarfe ta isa ta haɗa wuta. Caji kuma a kan siminti ko yashi, yana zaune a wurin, ba da dare yana barci ba, ba kuma nan take bayan saukar jirgin batir na da zafi ba. In an rubuta 2200 a jikinsa, kada ya tura masa fiye da amfiya 2.2 don gaggawa.

(Wannan na ƙarshe na faɗa ina jin kunya, don ni ma na sha kwana da waya a jone ƙarƙashin matashi.)

Saura kumburarrun nan biyu. Al'adarmu ita ce a jefa a juji, juji kuma yara ke tonawa, daga baya a cinna masa wuta. Mun fitar da su bayan gida a kan yashi, muka jona wa kowanne ƙaramin ƙwan fitilar babur ya shanye sauran wutar a hankali, muna kallo daga nesa da bokitin yashi a kusa. Sai da ƙwan ya mutu, washegari mita ta nuna babu komai, sannan muka naɗe bakinsu. Na sako su a gwangwani mai yashi na taho da su ɗakin gwajinmu.

Makon jiya ya kira ni. Ya sayi batir ɗaya sabo, kuɗin bai kai na biyu ba. Ya ce kafin ya bar gida ya auna, ƙwayoyin uku kowace tana 3.8, kuma ya roƙi kakarsa kada ta ɗauki tukunyar ta jiƙa kanwa.