Hutun Bazara A Kan Tudu Da Hakkin Mai Koyarwa

Idan watan Maris ya kama a Abuja, hunturu ya riga ya yi sallama, damina kuwa ba ta sauka ba tukuna, sai zafi ya mamaye gari. Ma'aunin zafi kan kai 37 da rana, duwatsun Aso da Zuma su wuni suna gasuwa, dare ya yi hucinsu bai lafa ba. A ajin da aka rufa da kwano babu silin, malami da ɗalibai sukan jiƙe sharkaf tun kafin azahar. Irin wannan lokaci ne ke tuna wa dattawan da suka yi karatu cikin shekarun 1960 wata al'ada ta malamansu baƙi, watau hawa tudu don hutun bazara.

Asalin zancen shi ne, cikin 1958 aka kafa ƙungiyar VSO a Ingila, cikin Maris na 1961 kuma Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa Peace Corps, duka biyu don aika masu aikin sa kai zuwa ƙasashe masu tasowa. Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka karɓi Amurkawan. A lokacin Gwamnatin Jihar Arewa, a ƙarƙashin Sardauna Sir Ahmadu Bello, tana ta buɗe makarantun sakandare da na horon malamai, alhali malamai 'yan ƙasa ba su wadata ba. Cikin baƙin nan har da ma'aurata, waɗanda akan tura makaranta guda, watakila mijin yana koyar da lissafi, matar tana koyar da Turanci. Ba su da albashi sai ɗan kuɗin guzuri, wa'adin Amurkawan kuwa shekara biyu ne.

To, da an ba da hutu wajen watan Afrilu, sai mata da miji su ɗaure 'yan komatsansu su nufi Jos, ko dai a mota, ko a jirgin ƙasa ta Kafanchan. Jos tana bisa tudun da ya ɗara mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabas da ita kuwa sun haura mita 1,800. Saboda haka wanda ya baro Sakkwato ko Bida yana kwana a tsakar gida don zafi, sai ga shi yana neman bargo. Masu hali suna da otal ɗin Hill Station, 'yan mishan suna da gidan hutunsu a Miyango, mai ƙaramin ƙarfi kuwa ya sauka wurin abokan aiki. Akwai gidan kayan tarihi da aka buɗe cikin 1952, inda aka ajiye sassaƙen yumɓu na Nok, ga dankalin Turawa da kabeji a kasuwa. Bayan 'yan makonni su gangaro, jiki ya warware, a koma aji.

Ba su ne suka ƙago wannan al'ada ba. Turawan mulkin mallaka ne suka saba da ita, har ma a Indiya tun daga 1864 gwamnati ɗungurungum takan ƙaura zuwa Simla, a duwatsun Himalaya, duk bazara. A nan ma Jos ce ta zame wa jami'an Turawa mafaka. Don haka ba a rasa masu ƙorafi ba, cewa wanda ya zo da niyyar zama irin na mutanen ƙasa bai kamata ya gudu ya bar su da zafinsu ba. Ƙorafin yana da tushe, gama ɗalibai ƙauye suke komawa sharar gona, malami ɗan ƙasa kuwa yana nan inda aka bar shi.

Amma fa sai da ruwan ciki akan ja na rijiya. Malamin da ya gaji, ko baƙo ne ko ɗan gida, ba ya iya ba yaro abin kirki. Aibin bai kasance ga hutun da baƙi suka samu ba, yana ga rashinsa da abokan aikinsu suka yi, kuma wannan aibi bai gushe ba har yau.

Yanzu zamani ya juya. Tun 1987 Nijeriya take da nata shirin, watau Technical Aid Corps, wanda ofishinsa ke Abuja, tana aika malamai da likitoci da sauran ƙwararru aikin sa kai na shekara biyu a ƙasashen Afirka da tsibiran Karebiyan da na Fasifik. Tun 1973 kuma 'yan hidimar ƙasa ke cike gurbin malamai a makarantu da dama. Abin takaici, a wannan babban birni da ke aika malamai waje, cikin 2025 malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki, tun daga tsakiyar bazara, a kan hakkokinsu da suka haɗa da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Wanda bai ga albashinsa cikakke ba, ina zancen hawa tudu?

Gyaran ba gagara-badau ba ne. Da farko a biya malami hakkinsa kan kari. Sa'an nan hukumomin ilmi su duba lokacin shiga aji da tashi a watannin Maris da Afrilu, a sa wa ajujuwa silin, a dasa itatuwan inuwa a harabar makarantu. Ƙungiyar malamai kuma tana iya neman wuraren sauka masu rangwame ga 'ya'yanta da iyalansu a Jos, ko Mambila, ko Obudu. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai hanyoyi sun gyaru, zaman lafiya ya tabbata, musamman a Filato inda rikice-rikice suka daɗe suna cin rayuka.

Tuddan da baƙi suka ƙetare teku suka sha iskarsu suna nan daram. Bai kyautu a ce malamin ƙauyen Kwali ko Abaji, wanda ya yi shekara talatin da alli a hannu, ya tsufa bai taɓa ganinsu ba. Allah Ya sa masu iko su ji, su kuma aikata.